Ma'aunin iska bai cika ba sai an faɗi inda ta dosa

Iskoki biyu ne suke raba shekara a ƙasar Hausa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, busasshiyar iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kutsa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a Chadi, ta kwashi farar ƙura a kwarin Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar busasshiyar laka, ta zo ta lulluɓe Damagaram da Kano da Sakkwato da hazo. Ita ce iskar hunturu. Idan bazara ta yi nisa, sai wata ta taso daga kudu maso yamma, daga tekun Gini, ɗauke da laima, ta riƙa tura ta farkon baya sannu a hankali, har ta kai ta cikin hamada a watan Agusta. Inda iskokin nan biyu suka yi karo akwai wani layi da masana yanayi suke bin sawunsa kullum, domin damina ba ta kankama a gari sai layin nan ya wuce shi ya yi arewa da nisa.

Manomi ya san wannan ba da na'ura ba. Ya kuma san wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai: laimar daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne, a can sama, kimanin kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ce take koro gizagizan. Shi ya sa maginan gargajiya suke ƙara wa bangon gabas yaɓe, domin shi ruwa yake duka. Ke nan a rana ɗaya ta watan Agusta, a saman gari ɗaya, iskar ƙasa tana tafiya wani wuri, ta sama tana tafiya wani wurin dabam.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami shi ne, wannan sani a yau ya koma cikin fayilolin kwamfuta. Da su hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Da su cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suke gargaɗin fari da ambaliya da tafiyar fara. Da su ɗalibanmu suke rubuta kundin digiri. Ra'ayina kuwa shi ne, yadda ake rubuta iska a cikin waɗannan fayiloli magana ce ta amanar jama'a, kuma mun bar ta a hannun sa'a. Duk fayil ɗin da ya ɗauki alƙaluman iska bai faɗi ma'anarsu a jikinsa ba, bai kamata a karɓe shi a matsayin aikin da aka kammala ba.

Ga inda iska ta bambanta da sauran abubuwan da ake aunawa. Idan aka ce zafin Sakkwato ya kai digiri 42 a watan Afrilu, magana ta ƙare, lamba ɗaya ta wadatar. Haka ruwan sama: milimita 30 milimita 30 ne, ba ya da gaba ba ya da baya. Iska kuwa ma'auni ne mai alƙibla. Idan ka ce tana gudun mita 5 a sakan ɗaya, rabin labari ka bayar, saura ka faɗi fuskar da ta nufa. Haka igiyar ruwan teku take, haka tafiyar ƙura da ta laima a sararin sama. Irin waɗannan ba sa rubutuwa da ƙasa da lambobi biyu, kuma lambobin ba su da ma'ana sai tare. A nan ne ƙofofin kuskure suke buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofa ta farko: daga ina, ko zuwa ina? Masana yanayi suna kiran iska da wurin da ta taso, kamar yadda mu ma muke yi idan muka ce iskar gabas. Suna ƙirga digiri daga arewa suna juyawa ta hannun dama, gabas ta zama 90, kudu 180, yamma 270. A wannan lissafi iskar hunturu tana wajen digiri 45, ta damina wajen 225. Masana teku kuwa suna kiran igiyar ruwa da wurin da ta dosa. Al'adu biyu ne, kowace tana da tarihinta da hujjarta. Amma idan fayil ya ce 45 kawai ya yi shiru, wanda ya karanta shi da ɗaya al'adar ya juya iskar baki ɗaya.

A wasu ƙasashe irin wannan kuskure yakan tona kansa, domin zai nuna iskar da ba a saba gani ba. Mu namu ya fi haɗari. Iskokinmu biyu kishiyoyin juna ne daidai wa daida, ɗaya daga arewa maso gabas, ɗaya daga kudu maso yamma. Wanda ya juya hunturu, damina zai samu, kuma taswirarsa za ta yi kyau, ta yi kama da gaskiya. Idan a watan Janairu ne, malami mai lura zai ce wannan ba zai yiwu ba. To a watan Afrilu da Mayu fa, lokacin da iskokin suke kai-komo a kan garuruwanmu, yau wannan gobe waccan, manomi ya zuba ido yana jiran ranar shuka? A lokacin da aka fi buƙatar amsa daidai, a lokacin ne kuskuren ya fi samun wurin ɓuya.

Ƙofa ta biyu tana cikin yadda kwamfuta take son a ba ta iska. Manhajojin hasashe ba sa aiki da gudu da digiri. Sukan raba iska kashi biyu: nawa ne daga cikinta yake tafiya gabas, nawa ne yake tafiya arewa. Na farko ana masa alama da harafin u, na biyu da v. Idan iska ta nufi gabas, u yana da alamar ƙari, idan ta nufi yamma yana da alamar ragi. A lura, a nan wurin da ta dosa ake dubawa, akasin al'adar digiri da na ambata a sama, kuma a fanni ɗaya, sau da yawa a ofishi ɗaya. Iskar hunturu u ɗinta da v ɗinta duka ragi ne, ta damina duka ƙari ne. Akwai ma kashi na uku, tafiyar iska sama ko ƙasa, wanda shi ne yake haɗa girgije ko ya watsa shi. Wasu fayiloli suna auna shi da mita a sakan, ƙari yana nufin hawa. Wasu, har da shahararrun alƙaluman ERA5 na cibiyar hasashe ta Turai, suna auna shi da canjin nauyin iska, a nan kuma ƙari yana nufin sauka. Na sha ganin ɗalibi ya zana taswira mai kyau yana nuna inda iska take hawa ta haɗa hadari, alhali wurin da take sauka ta hana ruwa ya nuna.

Masana ba su zauna sun naɗe hannu ba. A ƙarshen shekarun 1980 cibiyar Unidata da ke garin Boulder a Amurka ta ƙirƙiro wani tsarin fayil mai suna netCDF, wanda babban amfaninsa shi ne fayil yana iya ɗauke da bayanin kansa: kowane jerin lambobi yana tafe da bayanan rakiya masu faɗin mene ne shi. Sai dai tsarin ya ba da wurin rubutu ne kawai, bai faɗi abin da za a rubuta ba, kowa ya riƙa rubuta abin da ya ga dama. Wannan ne ya haifar da ƙa'idojin CF, wato ƙa'idojin rubuta bayanan yanayi da hasashe, waɗanda aka fitar da bugunsu na farko a 2003. A yau su ne ake bi a babban aikin gwada manhajojin yanayi na duniya, CMIP, wanda rahotannin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya suke dogara da shi.

Ƙa'idojin suna da jerin dubban sunaye da aka amince da su, kowane da ma'anarsa a rubuce da ma'aunin da ya dace da shi. Iskar da ke tafiya gabas ta ainihi sunanta eastward_wind, mai tafiya arewa northward_wind. Idan digiri aka rubuta, akwai suna ɗaya ga wurin da iska ta taso, wani sunan dabam ga wurin da ta dosa. Akwai wurin rubuta ma'auni, mita a sakan ne ko waninsa. Akwai wurin rubuta tsayin da aka auna, da lambar da ke nufin ba a samu awo ba, da kuma ko lambar awon lokaci ɗaya ce ko matsakaicin yini ko na wata. Wannan aiki ne na ƙwarai, kuma kyauta ne. Wanda ya bi shi ya toshe ƙofofin nan biyu da na lissafa.

Amma akwai ƙofa ta uku, wadda ƙa'idojin ma ba su gama rufewa ba, kuma a nan nake da magana da su kansu masu tsara su. Duniya dunƙulalliya ce, kwamfuta kuwa tana lissafi ne a kan raga mai gidaje. Sau da yawa ba a shimfiɗa ragar daidai da layukan gabas da arewa ba. Masu binciken yanayin Turai a shirin CORDEX sukan karkata ragarsu don gidajen su zo kusan girma ɗaya. Manhajojin teku da yawa suna kawar da ƙuryar arewa daga cikin ruwa su ɗora ta a kan tudu, a Kanada da Siberiya, sai layukan ragar su lanƙwashe. A irin wannan raga, u yana iya nufin tafiya zuwa hannun daman ragar, wanda ba lalle ne ya zama gabas ba. Ƙa'idojin CF sun tanadi sunaye dabam don wannan, x_wind da y_wind, kuma sun tanadi yadda za a bayyana shimfiɗar ragar. Abin da ba su wajabta ba shi ne wani rubutu da zai ce waɗannan jerin lambobi biyu rabi da rabi ne na abu guda, kada a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Kowane kashi yana zaune a fayil shi kaɗai, sai dai mai karatu ko manhaja ta gane dangantakarsu daga kamannin suna.

Me ya sa wannan ya dame ni? Domin duk lokacin da za a kwashe alƙaluma daga wata raga zuwa wata, dole a juya u da v tare, sabon u yana buƙatar tsohon u da tsohon v gaba ɗaya. Manhajar da ba ta san su 'yan'uwa ba ne za ta ɗauki kowane ta sarrafa shi yadda take sarrafa zafi ko ruwan sama, ta fitar da sakamako ba tare da ta yi ko tari ba. A kusa da ƙuryar arewa, inda duk fuskar da ka juya kudu ce, abin yakan lalace sarai, shi ya sa masu bin tafiyar ƙanƙarar teku suke cikin waɗanda suka daɗe suna neman a samar da wata hanya ta ɗaure kashe-kashen wuri ɗaya. Ina tare da su. Hujjar masu jinkiri ita ce kowane sabon sharaɗi nauyi ne a kan masu rubuta manhaja, kuma sunayen da ake da su suna biyan yawancin buƙata. Hujja ce mai nauyi, amma ta dogara ne da cewa a ƙarshen layi akwai ƙwararre da zai gane abin da ba a faɗa ba. Wannan zato ya yi daidai a manyan cibiyoyin Turai da Amurka. Bai yi daidai ba a sashen labarin ƙasa inda malami ɗaya yake duba ɗalibai masu yawa, wutar lantarki tana zuwa tana tafiya.

Gaskiya ne mu a wannan yanki mun yi dace da wannan ƙofa ta uku. Muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, kuma ragar da shirin CORDEX yake amfani da ita don Afirka ba a karkace take ba, don haka dama da gabas suna zuwa ɗaya. Sai dai dacen ba ya bin mu ko'ina. Manhajar WRF, wadda jami'o'inmu suke yawan amfani da ita, tana fitar da iska ne bisa ragarta. Idan mai aiki ya zaɓi shimfiɗar Mercator, wadda aka fi so ga ƙasashe masu zafi, babu matsala. Idan ya kwafi saitin da aka yi don Amurka, mai shimfiɗar Lambert, iskarsa za ta karkace, kaɗan a tsakiyar taswira, tana ƙaruwa yayin da ake nufar gefe. Ba juyawa baki ɗaya ba ce, karkacewa ce ta 'yan digiri, irin wadda ido ba ya kamawa amma take sauya lissafin inda laima take taruwa. Bugu da ƙari, a wannan manhaja u da v ba ma a wuri ɗaya ake lissafa su ba, ɗaya yana gefen gidan raga na gabas da yamma, ɗaya a na kudu da arewa.

Ƙofa ta huɗu ita ce matsakaici, kuma ita ce ta fi cin mutane. A ce da safe iska ta taso daga digiri 350, da yamma daga digiri 10. Duka biyun kusan arewa ne sak. Wanda ya haɗa su ya raba biyu zai samu 180, wato kudu. Lissafinsa daidai ne, amsarsa ƙarya ce. A ɗauki wani misalin: rabin wata iska tana gudun mita 4 a sakan daga arewa maso gabas, ɗaya rabin tana gudun mita 4 daga kudu maso yamma, kamar yadda ake iya gani a watannin sauyin yanayi. Matsakaicin u da na v na wannan wata sifiri ne. Wanda ya ɗauko su ya lissafa gudun iska zai ce wata guda ganye bai motsa ba, alhali kullum ana iska. Fayil ɗin da ya faɗi a jikinsa cewa lambobinsa matsakaicin wata ne ya gargaɗi mai karatu. Wanda ya yi shiru ya haƙa masa rami.

Waɗannan abubuwa suna taɓa kuɗi da abinci. A Lambar Rimi ta jihar Katsina an kafa injinan iska 37 don samar da megawat 10 na lantarki. Wutar da irin wannan inji yake bayarwa tana bin gudun iska ne ninki uku a jere: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikin iskar ya ninka takwas. Ƙaramin kuskure a gudu babban kuskure ne a lissafin riba. Masu tsara noman rani a Kadawa ko Bakalori suna lissafa ruwan da shuka take buƙata da tsarin hukumar abinci ta duniya FAO, wanda yake son gudun iska a tsayin mita 2, alhali tashoshin yanayi a mita 10 suke aunawa, kuma ta mita 2 kusan kashi uku cikin huɗu ce na ta mita 10. Filayen jiragen sama suna ba da gudun iska da ma'aunin not, wanda ɗayansa ya ɗara rabin mita a sakan da kaɗan, don haka wanda ya ɗauki not a matsayin mita ya kusan ninka iskarsa. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, tun 1975 aka fara dasa layukan dogonyaro a gicciye da iska don kare gero daga rairayi, kuma irin wannan shinge ake son yawaitawa a shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Layin bishiya ba a tayar da shi a gyara masa fuska bayan ya girma.

Sai tsofaffin littattafai. A tashoshinmu akwai rijistoci na takarda tun zamanin Turawa, wasu da ma'aunin Beaufort mai hawa daga 0 zuwa 12, wasu da sunayen kusurwoyi takwas ko goma sha shida. A tsarin saƙonnin tashoshi na duniya, ana rubuta fuskar iska da goma-goma: 36 arewa ce, 00 na nufin iska ta tsaya cak, 99 na nufin ba ta tsaya fuska ɗaya ba. Ana ta ƙoƙarin shigar da waɗannan littattafai cikin kwamfuta kafin gara ta gama da su, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma idan aka kwashe lambobin aka bar ma'anarsu a baya, wata rana wani zai karanta 00 a matsayin arewa, ya wallafa cewa iskar arewa ta fi yawa a garin da a gaskiya iska ce take yawan kwantawa. Tsofaffin ma'aikatan da suka san abin da kowace alama take nufi suna yin ritaya, wasu suna riga mu gidan gaskiya. Abin da ke kansu, in ba a rubuta shi a jikin fayil yanzu ba, ya tafi ke nan.

Na san abin da za a ce. Za a ce muna fama da ƙarancin tashoshi, Afirka tana cikin yankunan da suka fi kowa ƙarancin na'urorin awo, wasu na'urorin sun lalace babu kayan gyara, ni kuma ina maganar sunaye da alamomi. Amsata ita ce, mai kaɗan shi ya fi cancanta ya tattala abin da yake da shi. Ƙasar da ke da tashoshi ɗari a yanki guda, idan ɗaya ta yi kuskure sauran za su tona ta. Mu da tasha ɗaya take wakiltar ƙasa mai faɗi, kuskurenta shi ne zai zama gaskiyar yankin. Fayil marar bayani kamar buhun iri ne da aka sayo ba a rubuta komai a jikinsa ba: gero ne mai saurin nuna ko maiwa mai jan lokaci, ba za ka sani ba sai damina ta yi nisa. Kuma cikin duk gyare-gyaren da fannin nan yake buƙata, wannan ne kaɗai ba ya jiran kasafin kuɗi. Sabuwar tasha kuɗi ce, rubuta layuka goma a kan fayil tarbiyya ce.

Akwai kuma wani dalili da ya sa lokaci ya ƙure. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin kowane mutum a duniya ya samu gargaɗin bala'in yanayi kafin ƙarshen 2027. Hanyar cim ma wannan ita ce na'urori su riƙa karɓar alƙaluma daga juna kai tsaye, babu hannun mutum a tsakani. Sababbin manhajojin hasashe masu koyo da kansu, irin GraphCast, an horar da su ne da alƙaluman ERA5, waɗanda suka faro daga 1940 suna ba da yanayin kowace awa. Na'ura ba ta taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba, ba ta da wata masaniya da za ta sa ta yi shakka. Abin da aka rubuta mata shi take ɗauka. Alƙaluman da aka tsara su bisa ƙa'ida su ne za su shiga wannan tafiya, waɗanda ba a tsara ba za a tsallake su, sai a cike gurbinmu da ƙiyasi.

Saboda haka ga abin da nake nema. Hukumomin yanayi na Najeriya da Nijar su mayar da bin ƙa'idojin CF sharaɗi ga duk fayil ɗin da zai fita daga hannunsu, da duk wanda ɗan kwangila ko abokin hulɗa zai miƙa musu. Akwai manhajoji na kyauta da ke duba fayil su faɗi inda ya saɓa, a sa su a bakin ƙofa. Masu ba da kuɗin bincike, irin TETFund, su riƙa neman alƙaluman aikin tare da rahotonsa, a tsare bisa ƙa'ida, kafin su rufe lissafi. Jami'o'i, tun daga Zariya da Kano da Sakkwato har Yamai da Maraɗi, su koya wa ɗalibi karanta bayanan rakiya kafin su koya masa zana taswira. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai rubuta fayil yana da alhaki, mai saukar da shi daga intanet ya hau aiki bai duba kansa ba shi ma yana da nasa.

Kafin kowane fayil na iska ya fita, ya amsa tambayoyi biyar a jikinsa. Wurin da iska ta taso aka rubuta ko wurin da ta dosa? Gabas da arewa na ainihi ne ko na raga? Da wane ma'auni, a wane tsayi? Awon lokaci ɗaya ne ko matsakaici, kuma yaya aka fitar da matsakaicin? Waɗanne jerin lambobi ne suke tafiya tare? Huɗun farko ƙa'idojin CF sun riga sun tanadi wurin amsa su. Ta biyar, kafin a samu matsaya ta duniya, a rubuta ta da kalmomi a wurin sharhi, tun ran gini tun ran zane.

Na ƙarshe, masananmu su shiga inda ake tsara ƙa'idojin. Ƙofar a buɗe take, duk mai hujja yana iya kawo shawarar sabon suna ko gyaran doka, a tattauna a fili, ba a tambayarsa ƙasarsa. Masu ƙanƙarar teku sun kawo damuwarsu domin ita ce a gabansu. Mu ma muna da tamu: ƙurar da ke tashi daga Bodele, laimar da ke hawowa daga teku, da tashoshi masu tsofaffin alamomi da ke jiran a fassara su ga na'ura. Wanda ya auna iskar ƙasarsa ya rubuta ta yadda kowa zai karanta ba tare da tambaya ba, shi duniya za ta riƙa tuntuɓa a kan yanayin ƙasar. Wanda bai yi ba, sai ya karɓi abin da wasu suka ƙiyasta masa daga nesa, ya kuma gaya wa manomi ya yi shuka a kansa.